Lauyan Da Ya Fito Neman Kujerar Alƙali: Tarihin Zaɓen Alƙalai A Amurka

A wannan makon za mu tsallaka teku zuwa Amurka, mu duba tarihin wata al'ada da ke ba baƙo mamaki, wato lauya ya buga fosta, ya bi gida-gida yana roƙon a zaɓe shi alƙali.

Bari mu fara da wata wasiƙa. A watan Satumba na 2009, wata lauya a birnin Tampa da ke jihar Florida, mai suna Lanell Williams-Yulee, ta yanke shawarar neman kujerar alƙalin kotun gundumarsu. Ta rubuta wasiƙa ta gabatar da kanta ga masu zaɓe, ta roƙi gudummawar kuɗi daga dala 25 zuwa dala 500, ta sa hannu, ta rarraba, ta kuma ɗora ta a intanet. Ba ta yi nasara ba, tun a zagayen farko aka kayar da ita. Sai dai wasiƙar ba ta bar ta ta huta ba. Ƙungiyar lauyoyin jihar ta tuhume ta da karya doka, domin a Florida an hana ɗan takarar alƙalanci ya roƙi kuɗi da bakinsa ko da alƙalaminsa. Ita kuwa ta ce hana ta roƙo tauye mata 'yancin faɗin albarkacin baki ne. Magana ta yi ta hawa har Kotun Ƙolin Amurka, wadda a 2015 ta tabbatar da dokar, alƙalai 5 suka rinjayi 4. Babban Alƙali John Roberts, wanda ya rubuta hukuncin, ya kafa hujja da cewa alƙali ba ɗan siyasa ba ne, ko da kuwa ta akwatin zaɓe ya hau kujera.

Abin lura a nan shi ne, wannan dokar da ta hana ɗan takara roƙo ta yarda ya kafa kwamiti ya roƙa masa. Ta yarda ya san sunayen waɗanda suka bayar, har ma ya rubuta musu takardar godiya. Da yawa daga masu bayarwar lauyoyi ne da za su tsaya gabansa in ya ci.

A wajenmu abin baƙo ne. A Nijeriya gwamna ke naɗa alƙalin babbar kotun jiha bisa shawarar Hukumar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, kuma sai mutum ya shekara 10 da zama lauya. Ba fosta, ba akwati. A Amurka ma alƙalan kotunan tarayya naɗa su ake yi, shugaban ƙasa ya zaɓo, Majalisar Dattawa ta amince, su zauna har mutuwa ko murabus. Amma mafi yawan shari'o'in ƙasar, na kisan kai, da sakin aure, da bashi, da gado, a kotunan jihohi ake yin su, kuma jihohi 39 daga cikin 50 suna sa aƙalla wasu daga alƙalansu su fuskanci masu zaɓe. To, ta yaya aka iso nan? Amsar tana cikin tambaya guda da Amurkawa suka shafe fiye da shekara 200 suna juyawa: a hannun wa alƙali yake?

DAGA HANNUN SARKI ZUWA HANNUN GWAMNA

A Ingila, wata doka ta 1701 ta ba alƙalai kariya. Muddin alƙali bai aikata laifi ba, sarki ba shi da ikon tsige shi don kawai hukuncinsa bai yi masa daɗi ba. Amma wannan kariya ba ta tsallaka zuwa yankunan da Ingila ke mulka a Amurka ba. Can, alƙali yana zaune ne iyakar lokacin da sarki ya ga dama. A 1772 aka ji cewa fadar Ingila za ta riƙa biyan manyan alƙalan Massachusetts albashi kai tsaye, maimakon majalisar yankin, mutane suka harzuƙa, domin sun san wanda ke biyan alƙali shi alƙali ke saurara. Da suka rubuta takardar ayyana 'yancin kai a 1776, cikin laifuffukan da suka jero wa Sarki George na Uku har da wannan, cewa ya riƙe wa'adin alƙalai da albashinsu a tafin hannunsa.

Bayan 'yanci, jihohin farko ba su yi tunanin zaɓe ba. Wasu suka ba gwamna ikon naɗi, wasu suka ba majalisar dokoki. Sannu a hankali sai aka gane cewa an guji gara an faɗa wa zago. Kujerar alƙali ta zama ladan da jam'iyya ke ba wanda ya yi mata hidima. Jihar Mississippi ce ta fara sa a zaɓi dukkan alƙalanta, a 1832, amma a lokacin ba a bi ta ba. Bafaranshen nan Alexis de Tocqueville, wanda ya zagaya Amurka ya fitar da littafinsa a kanta a 1835, ya yi hasashen cewa wannan sabon salo zai haifar da mugun sakamako wata rana.

Abin da ya juya akalar shi ne bashi. A shekarun 1830 majalisun jihohi suka ciwo basussuka masu nauyi don haƙa hanyoyin jiragen ruwa, da shimfiɗa layin dogo, da kafa bankuna, sau da yawa don amfanin abokan 'yan majalisar. Tattalin arziki ya karye a 1837. Zuwa farkon shekarun 1840, jihohi 8 da yankin Florida sun kasa biyan bashin da ke kansu. Jama'a suka tambaya, ina alƙalai suke lokacin da ake wannan ɓarna? Amsar a fili take, waɗanda suka yi ɓarnar su ne suka naɗa alƙalan.

Saboda haka a 1846, da jihar New York ta sake rubuta kundin tsarin mulkinta, sai ta mayar da naɗin alƙalai hannun masu zaɓe. Cikin 'yan shekaru jihohi suka yi ta bin sahu, kafin yaƙin basasar 1861 mafi yawansu sun koma zaɓe. Masanin tarihin shari'a Jed Shugerman, a littafinsa na 2012 mai suna The People's Courts, ya nuna wani abu da mai karatun yau zai iya kuskurewa: waɗanda suka kawo zaɓen alƙalai, lauyoyi da yawa a cikinsu, ƙarfafa alƙali suka nufa. Sun so ya sami tushe nasa na kansa a wajen jama'a, yadda zai iya duban gwamna da majalisa ya ce musu a'a. Kuma da farko hakan ta faru, domin zaɓaɓɓun alƙalan sun fi na da yawan soke dokokin majalisa.

UBA DA ƊA

Amma ba a zaɓe sai da jam'iyya, kuma a birnin New York jam'iyya tana hannun wata ƙungiya mai suna Tammany Hall, ƙarƙashin William Tweed, uban gidan siyasar birnin. Wanda Tammany ta tsayar shi ke ci. Cikin waɗanda ta tsayar akwai wani haziƙin lauya, Albert Cardozo, ɗan wani tsohon gidan Yahudawa mai mutunci a birnin. Ya fara da wata kotu a 1863, a 1867 aka zaɓe shi zuwa kotun da jihar ke kira Kotun Ƙoli. A nan sai marubuci ya yi hattara: a New York wannan sunan na babbar kotun sauraren ƙara ce ta matakin farko, wadda ke saman kowa ita ce Kotun Ɗaukaka Ƙara. Mai fassara da bai bincika ba zai ɗora wa mutum rawanin da ba nasa ba.

Zamanin ne manyan attajirai ke kokawa a kan kamfanin jirgin ƙasa na Erie, Cornelius Vanderbilt a gefe guda, Jay Gould da James Fisk a ɗaya gefen. Kowane ɓangare yana da alƙalin da zai ruga wurinsa ya karɓo umarnin kotu, wani lokaci umarnin wannan alƙali ya ci karo da na wancan. Abin ya ishi lauyoyin birnin, a 1870 suka kafa ƙungiyarsu, babban burinta tsabtace kotuna. Suka tattara hujjoji suka kai majalisar jiha. An zargi Albert Cardozo da karkata hukunci ga su Gould da mutanen Tweed, da kuma tura wa wani danginsa ayyukan kotu masu maiƙo. A 1872 ya yi murabus kafin a tsige shi. Abokan aikinsa biyu, George Barnard da John McCunn, tsige su aka yi a wannan shekarar. Duk da wannan abin kunya, da aka tambayi mutanen jihar a 1873 ko a koma naɗi, sai suka ƙi da gagarumin rinjaye. Sun ga abin da zaɓe ya jawo, amma ba su manta abin da naɗi ya yi musu ba.

Lokacin da Albert ya sauka, yana da ɗa ɗan shekara 2 mai suna Benjamin. Yaron ya tashi da sunan da kowane lauya a birnin ya san tabonsa. Uban ya rasu a 1885. Benjamin ya yi karatu a Columbia, ya zama lauya a 1891, ya shafe shekara 22 yana aiki a birnin, ba siyasa, ba hayaniya. Ya zama irin lauyan da sauran lauyoyi ke kawo wa shari'ar da ta gagare su, musamman a matakin ɗaukaka ƙara. A 1913 gamayyar masu adawa da Tammany suka tsayar da shi takarar kujera a kotun nan da ubansa ya bari cikin kunya. Ya ci, amma da ƙyar.

Bai fi 'yan makonni a kujerar ba, a Fabrairun 1914, gwamna ya ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. A 1917 aka zaɓe shi cikakken alƙalinta, a 1926 aka zaɓe shi shugabanta. Cikin hukunce-hukuncensa akwai na 1916 a kan kamfanin motoci na Buick. Wani mutum ya sayi mota a wajen dillali, ƙafar motar ta katako ta ruguje yana tafiya, ya ji rauni. Kamfanin ya ce shi bai yi ciniki da mutumin ba, dillali ya sayar wa motar. Cardozo ya ce wanda ya ƙera abin da zai iya halaka mutum in an yi sakaci, alhakin yana kansa ko ta hannun wa kayan suka bi. Har yau ɗaliban lauya na karanta wannan hukunci. A 1932 Shugaba Herbert Hoover, ɗan jam'iyyar Republican, ya naɗa shi Kotun Ƙolin Amurka duk da cewa shi ɗan Democrat ne. Ya rasu a 1938.

Mun tsaya a kan wannan gida ne saboda akwatin zaɓe ɗaya, a birni ɗaya, zuwa kotu ɗaya, shi ya fitar da uban kuma shi ya fitar da ɗan. Duk wanda ke son ya ce zaɓe ne ke lalata alƙali, Benjamin zai tare masa hanya. Wanda ke son ya ce zaɓe ne ke gyara shi, Albert na nan. Bambancin da ke tsakaninsu, ban da hali, shi ne wanda ya tsayar da kowannensu da abin da yake jira a biya shi.

KADA A BAHON WANKA

Masu neman gyara ba su haƙura ba. A 1906 wani malamin shari'a, Roscoe Pound, ya tsaya gaban taron ƙungiyar lauyoyin Amurka ya koka cewa tilasta wa alƙali zama ɗan siyasa ya zubar da ƙimar kotu. Wasu jihohi suka cire sunan jam'iyya daga takardar ƙuri'a. Sai aka sami wata matsalar, mai zaɓe ya shiga rumfa ya ga jerin sunayen da bai taɓa ji ba, ya dangwala wa wanda sunansa ya yi masa daɗi ko wanda ya zo a sama.

Jihar Missouri ce ta fito da wata hanya. Can ma akwai uban gida, Tom Pendergast na Kansas City, wanda ya kai ga neman cusa mutanensa a kotun ƙolin jihar. An ɗaure shi a 1939 kan ƙin biyan haraji, a 1940 masu zaɓe suka amince da sabon tsari. Idan kujera ta faɗi a manyan kotuna, kwamitin mutum 7, lauyoyi 3, mutanen gari 3 da babban alƙali, zai fitar da sunaye 3. Gwamna ya ɗauki ɗaya. Bayan alƙalin ya yi aƙalla shekara guda, sai a tambayi jama'a: ya ci gaba ko ya sauka? Ba abokin hamayya, ba jam'iyya. Jihohi da dama sun kwaikwayi wannan tsari, New York ma a 1977 ta daina zaɓen alƙalan kotunta mafi girma.

Shekaru da yawa wannan ƙuri'a ta zama kamar al'ada kawai, da wuya a sauke kowa. Sai 1986 a California. Shugabar kotun ƙolin jihar, Rose Bird, mace ta farko a kotun, ta saurari ɗaukaka ƙarar hukuncin kisa sama da 60, kuma a kowanne ta goyi bayan a soke hukuncin. Aka haɗa mata gangami, da iyalan waɗanda aka kashe a gaba, da kuɗin 'yan kasuwar da ba sa son hukunce-hukuncenta a baya. Kusan kashi biyu cikin uku na masu zaɓe suka ce ta sauka, suka haɗa da abokan aikinta biyu, Cruz Reynoso da Joseph Grodin. A 2010 irin haka ta faru a Iowa, aka sauke alƙalai 3 saboda hukuncin da kotunsu ta yanke a 2009 kan auren jinsi.

Wani tsohon alƙalin California, Otto Kaus, ya kwatanta halin da alƙali ke ciki da mutumin da ke aske gemu da safe alhali akwai kada a bahon wankansa. Yana iya cewa ba zai kula da shi ba, amma da wuya hankalinsa ya bar wajen. Bincike ya goyi bayan wannan kwatance. A 2004 masana biyu, Gregory Huber da Sanford Gordon, suka bi dubban shari'o'in laifi a jihar Pennsylvania, suka gano cewa alƙalai na ƙara tsawon ɗauri idan zaɓensu ya matso. Wato mutum biyu masu laifi iri ɗaya, a gaban alƙali ɗaya, na iya samun hukunci daban saboda kalanda kawai.

DALA MILIYAN 3

Yanzu mu zo kan labarin da ya fi kowanne fito da matsalar fili. Jihar West Virginia ƙasar haƙar kwal ce. Wani mai ƙaramin kamfani, Hugh Caperton, ya kai ƙarar babban kamfanin Massey, yana zarginsa da karya shi da gangan. A 2002 juri, wato ayarin mutanen gari da ke taya alƙali tantance gaskiya, suka ce Massey ya biya dala miliyan 50. Kowa ya san za a ɗaukaka ƙara zuwa kotun ƙolin jihar mai alƙalai 5, kuma ɗaya daga cikinsu, Warren McGraw, zai sake tsayawa zaɓe a 2004.

Wanda ya fito ya kara da shi wani lauya ne na birnin Charleston, Brent Benjamin, wanda ya yi shekara wajen 20 yana aiki amma bai taɓa zama alƙali ba, kuma ba a san shi sosai a wajen birnin ba. Shugaban Massey, Don Blankenship, ya ba kwamitin Benjamin dala 1,000, iyakar abin da doka ta yarda. Sannan ya zuba kusan dala miliyan 2 da rabi a wata ƙungiya da aka kafa da sunan kare yara, wadda ta cika talabijin da tallan da ke nuna McGraw a matsayin mai sassauci ga masu lalata da ƙananan yara. Ya ƙara wajen dala dubu 500 a kan wasiƙu da tallace-tallace nasa na kansa. Jimla kusan dala miliyan 3, fiye da abin da duk sauran magoya bayan Benjamin suka kashe a haɗe. Benjamin ya ci da kashi 53 cikin ɗari, wa'adin shekara 12.

Da ƙarar ta iso, lauyoyin Caperton suka roƙi sabon alƙalin ya tsame hannunsa. Ya ƙi. Hujjarsa ita ce bai da ko sisi a kamfanin, bai roƙi kuɗin ba, ba ta hannunsa suka bi ba, kuma ba wanda ya nuna cewa ya karkata. A Nuwamban 2007 kotun ta soke biyan dala miliyan 50, alƙalai 3 suka rinjayi 2, Benjamin na cikin ukun. Ana cikin haka sai ga hotunan wani alƙalin kotun, Elliott Maynard, yana shaƙatawa tare da Blankenship a gaɓar tekun Faransa lokacin da ƙarar ke gabansu. Maynard ya janye, aka sake zama a 2008, Benjamin ya sake ƙin janyewa, sakamako ya sake fitowa 3 da 2.

A watan Yunin 2009 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ya kamata Benjamin ya janye, nan ma 5 da 4. Mai shari'a Anthony Kennedy, wanda ya rubuta hukuncin, bai ce Benjamin ya ci hanci ba, bai ma ce ya karkata ba. Cewa ya yi idan mai ƙara ya taka irin wannan rawa wajen ɗora alƙalin da zai saurari ƙararsa, haɗarin karkata ya yi girman da tsarin mulki ba zai lamunta ba. Mu da muka san cewa in baki ya ci ido kan ji kunya, ba ma buƙatar dogon bayani. Alƙalai huɗun da suka saɓa kuwa tambaya suka yi: to nawa ne ya yi yawa? Wa zai ja layin?

Ƙarshen labarin bai zo yadda mai rubuta fim zai so ba. Aka mayar da ƙarar West Virginia, aka zauna ba tare da Benjamin ba, a ƙarshen 2009 kotun ta sake ba Massey gaskiya, 4 da 1. Benjamin ya ƙarasa wa'adinsa, ya sake tsayawa a 2016, ya faɗi.

Kuɗin kuwa sai ƙaruwa suke. A 2025 an kashe sama da dala miliyan 100 a kan kujera guda ta kotun ƙolin jihar Wisconsin. A 2025 ɗin kuma maƙwabciyarsu Meziko ta shiga sahu, ranar 1 ga Yuni ta gudanar da zaɓen alƙalai na farko a faɗin ƙasar, har da na kotun ƙoli. Hujjar masu mulki ita ce a ƙwace kotu daga hannun 'yan gata, kusan irin hujjar New York ta 1846. Kimanin kashi 13 cikin ɗari na masu rajista ne suka fito. Wani lauya ɗan ƙabilar Mixtec daga jihar Oaxaca, Hugo Aguilar Ortiz, shi ya fi kowa ƙuri'a, ya zama shugaban kotun ƙolin ƙasar.

ABIN DA YA SHAFE MU

Idan muka bi zaren daga 1701 zuwa yau, za mu ga kowane gyara ya ciro alƙali daga wani hannu ya sa shi a wani. Daga sarki zuwa gwamna da majalisa, daga su zuwa jam'iyya, daga jam'iyya zuwa kwamitin lauyoyi, daga nan zuwa mai kuɗin talla da fushin jama'a. Ba a taɓa samun hanyar da alƙali zai hau kujera ba tare da wani ya riƙe masa tsani ba. Tsarin naɗi irin namu ma bai fita daga wannan ba, sai dai shi tsaninsa a cikin ɗaki ake riƙe shi, na Amurka kuwa a kasuwa.

Mu da ke koyon rubutu, a nan abincinmu yake. Sau da yawa idan alƙali ya shigo labaranmu, ɗayan biyu ne, ko waliyyi ko wanda ake kai wa jakar kuɗi da dare. Dukansu biyu ba sa ba mai karatu wahalar tunani. John Grisham, wanda shi kansa lauya ne kuma tsohon ɗan majalisar jihar Mississippi, ya fitar da ƙagaggen labari a 2008 mai suna The Appeal, kan attajirin da ya nemo wani lauyan ƙaramin gari mai tsabtar suna ya ɗora shi a kotun ƙoli don ƙararsa. Ƙarfin labarin yana cikin cewa lauyan ba mugu ba ne, ya yarda da duk abin da yake faɗa.

Ku ɗauki lauyan da ya shekara 20 a garinsu. Ya san kowa, kowa ya san shi, kuma wannan sanin shi ne jarinsa a ranar zaɓe. Washegarin rantsuwa sai jarin ya koma bashi. Wanda ya ba shi aron zaure ya yi taro, yau ɗansa ne a gaban kotu. Lauyan da ya fi kowa ba da gudummawa shi ke tsaye a dama, wanda ya goyi bayan abokin hamayya yana hagu. Ba wanda ya ce masa komai, ba wanda zai ce. Ya yanke hukuncin da yake ganin daidai ne, ya zo ya dace da son wanda ya taimake shi, shi kansa ba zai iya rantsewa a kan abin da ya rinjaye shi ba. Brent Benjamin ya dage cewa zuciyarsa ba ta karkata ba, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Hugh Caperton, wanda ya tsaya gabansa, ba shi da hanyar leƙa wannan zuciya.

Wanda ke neman abin gwaji a wannan makon, ga shi. A rubuta shafi guda, sabon alƙali zaune da dare yana rubuta takardun godiya ga waɗanda suka taimake shi, sai ya iso kan sunan da ya gani ɗazu a jerin ƙararrakin gobe. Kada a sa kowa ya yi wa'azi, kada a kawo jakar kuɗi. A bar mu mu ga abin da zai yi da takardar.